Darasin Gaiwa

Shekara goma sha tara ina zana tafki da alli:
da'ira guda, layi uku a ciki, in ce ga ruwa.
Yara su kwafa a kaye, in bi su da jan biro.
Ban taɓa jiƙa ko ɗan yatsa ba.

Ran Talata mota ta kwashe mu daga Maradi,
malamai ashirin da biyu, kowa da iliminsa a jaka,
ta sauke mu bakin tafkin Madarunfa
rana ba ta gama wanke ido ba.
Madam Tsahara ta ce a tuɓe takalma.
Mushe Lawali ya dubi nasa, sabo fil,
ya dube ta, ya tuɓe.

Taku na farko, laka ta riƙe ni kamar mai bin bashi.
Na biyu, ta sake ni da tsaki.
Kirinjijiya suka tashi suna fito,
zalɓe kuwa ko a jikinsa,
ƙafa ɗaya ta ishe shi tsayuwa
inda mu biyu-biyu ba su ishe mu ba.

Muka ɗaura farin murfin tukunya a igiya,
muka zura shi ƙasa har ya ɓace mana.
Kamu ɗaya da taƙi.
Aka ce mu rubuta: nan idon ruwa ya tsaya.
Muka tace taɓo da rariyar gari,
ga dodon koɗi, ga 'ya'yan mazari masu haƙora,
ga wani jan abu mai motsi da ba wanda ya san sunansa.
Balaraba ta yi ihu, matsattsaku a ƙwaurinta.
Aka cire, aka sa a kwalba,
ta fi kowa daɗewa tana kallonsa.

Sai Baba Nomau, masunci, da komarsa a kafaɗa.
Bai yi lakwal ba, ya ce, amma mu biyo shi.
Ya kai mu can tudu, inda ƙasa ta dare kamar tsohon faso,
ya dafa wata giyayya:
"Ina yaro nan nake ɗaure gora.
Yashi ya ci, gulbi na kawo shi kowace damina."
Daga itacen zuwa ruwa na ƙirga taku ɗari da shida.
Ban ce komai ba. Na rubuta.

Ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa busasshiyar laka da sanda,
ya saurara kamar mai sallama a ƙofar gida,
ya haƙa.
Dunƙule ya fito, ya fasa shi a hankali.
Gaiwa ce, a naɗe, da rai,
wata biyar tana jiran ruwan sama a cikin ƙasa.

Nan ƙirjina ya buga.
Bara, a aji, na tambayi inda kifi ke zama.
Ɗan Jimo, na bencin baya, ya rubuta: a ƙasa.
Na ja masa layi. Na sa sifiri.
Aji ya yi dariya, ni ma na yi.
Ubansa a nan yake su.

Da la'asar muka koma, mota na warin taɓo,
Lawali rungume da takalmansa yana gyangyaɗi.
Kwalbata a cinya, ruwan na kwantawa sannu,
laka ƙasa, haske sama, wani ɗan abu na iyo tsakani.

Gobe zan ajiye ta kan tebur, kusa da alli.
Ba zan zana da'ira ba.
Zan kira Ɗan Jimo ya fito gaban allo,
in koma bencinsa in zauna.