Kujera ta Goma Sha Bakwai

Sun ba ni kujera ta goma sha bakwai, layi na biyu,
daidai inda sanyin na'ura ke sauka a ƙeya.
Na zo ne don kada a ce ban zo ba.
A zuri'armu an yi maɗinka, an yi masu wankan gawa,
an yi mai tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa,
amma ba a taɓa yin ɗan kama ba
sai da na haifi Junaidu a Karantina,
daren da ruwan sama ya ci rabin unguwa.

Ya fito shi kaɗai. Ba kalangu, ba 'yan amshi,
sai makirufo, da gorar ruwa,
da kyamarori huɗu sun ƙura masa ido
kamar masu duba takardar zama.

Ya ce, da Larabcin da ya fi nawa santsi:
"Kakana ya taso daga Haɗeja a ƙasa.
Shekara bakwai yana tafe. Ya tsinci auduga a Jazira,
ya auri kakata a Kasala, ya haye teku a kwalekwale.
Jiya mai tasi ya dube ni ta madubi,
wai, yaushe ka iso Jidda?
Na ce, tun kafin a shimfiɗa titin nan da kake ɓata a kai."

Ɗaki ya ɗauka.
Mutumin Yaman da ke damana ya bugi cinya
har carbinsa ya faɗi ƙarƙashin kujera.

"Bara na je Kano neman dangi.
Ina cewa sannunku, suka ce ga Balarabe.
Na dawo gida, aka ce ga Takari.
Jemage ma ya fi ni gata,
shi ko ba komai yana da reshen da zai rataya."

'Yan matan asibiti, 'yan Filifin, suka rufe baki da tafi.
Wani mai farar riga a layin gaba
dariyarsa takan makara kaɗan,
kamar sai ta nemi izini tukuna.

"Wannan benen da muke ciki,
ɗan Masar ya zana shi, ɗan Bangali ya ɗauki simintinsa a ka,
Bahabashiya ke goge tagoginsa.
Sunan da ke bakin ƙofa kuwa
na wanda bai san matakalar nawa ba ce."

Shiru.
Irin shirun da ke biyo bayan faɗuwar tangaran a gidan surukai.
Sai can baya, wajen ƙofa,
wani mai tsintsiya, wanda bai sayi tikiti ba,
ya saki wata dariya siririya.
Ita ce ta kwance sauran.

Sannan ya ɗaga hannu ya kare hasken fitila, yana nema na.
"Uwata na nan. Shekara ashirin tana tallan gyaɗa a bakin masallaci.
In motar baladiya ta ɓullo,
tire a ka, ni a baya, takalmin dama a kwata,
ba ɗan tseren da zai kamo ta."

Suka yi ta tafi. Ni ban yi ba.
Na tuna kwalta mai zafi a tafin ƙafa,
da gyaɗar da ta watse, da shi yana ƙyalƙyala a bayana,
yana tsammanin wasa nake masa.
Ashe tun ranar ya fara sana'ar.
Ban san sa'ad da kafaɗuna suka soma rawa ba,
har mayafina ya jiƙe.

Da aka watse ya same ni a tsakar motoci,
gumi ya manne masa riga a baya.
Ya durƙusa. "Inna, yaya kika gani?"
Na ce, na hagu ne ya faɗa kwata, ba na dama ba.
In za ka faɗa wa duniya,
ka faɗa daidai.