Jinin Tumatir

A Roma, bayan tashar jirgin ƙasa,
Ottavio Scardino ya kashe mutum ɗari uku
da tumatirin gwangwani da sitaci.
Da yamma gawawwakin suka tashi,
kowa na neman kuɗin mota.

Fim arba'in da ɗaya, kowanne kwana tara.
Dajin masu cin naman mutane
lambun surukinsa ne, an rufe kare a ɗaki.
Kadan roba ya fito sau shida
har haƙoransa suka zube.
Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Nives ta ce, "Ba zan cire rigata ba."
Ya ce mai kuɗin ne ya ce.
Ta cire. Watan Janairu ne.
Shekara talatin ba ta ƙara gaishe shi ba.

'Yan jarida suka ce shara ce.
Ya ce sharar ce ke biyan haya.

Yau ya haura tamanin.
Samari na kawo tsofaffin fastoci ya sa hannu,
suna kiransa gwani.
Shi kuwa in ya dubi hoton Nives,
ba ihun da ya koya mata yake gani ba,
kafaɗunta yake gani,
suna rawar sanyi.