Yatsu Uku

Shekara talatin ina ɗaga motoci a Jega.
Masu albasar Aliero su kawo Golf ta durƙushe,
in ƙara mata sifirin, in cusa mata roba,
ta miƙe kamar raƙumin da ya ji bulala,
ta ɗauki buhu goma, ta tafi tana nishi.
Aikina ke nan: sama.

Sai ga Zayyanu wata Laraba
da 'yar Honda ja, wankakkiya har ƙarƙashi.
Ya tsuguna gefen taya, ya zura yatsu uku
tsakanin roba da ƙarfe.
"Baba Ango, wannan sararin nake so ka cinye."

Na ce, yaro, lafiyarka?
Mutane na biyana in nisanta su da ƙasa,
kai ka zo da kuɗinka neman kusanci.
Ya ce tana rangaji a kwana
kamar kwalekwalen Yawuri ya sha kaya,
in ya taka birki ta kifa goshi,
sitiyari na magana, taya na jin rabi.

Ban yanka ba.
Mai yanka sifirin da giranda
maƙabarta yake yi wa sallama.
Gajeru muka aika aka sayo a Sakkwato,
da shokozoba masu taurin kai.
Ɗanjumma ya danna jak, na kwanta a kan kwali,
tsatsa na zuba a gemuna,
wani noti ya ƙi, sai da ya sha wuta.
Da muka sauke ta, la'asar sakaliya,
ta laɓe kamar kyanwa ta hango ɓera.

Ya miƙo mini makulli.

A hanyar Birnin Kebbi akwai wata kwana
da na sani tun ina yaron mota.
Na shige ta da tamanin,
kafaɗata ta riga ta shirya karkata.
Ba ta karkata ba.
Ta manne da kwalta kamar ƙadangare a bango,
duk inda na nuna, nan ta sa ƙafa.
Kowace tsakuwa na ji ta a ƙuguna,
hanya na ba ni labarinta, babu tafinta.
Ban ce masa komai ba.
Na dai juyo, na sake shiga.

Bayan sati biyu aka jawo ta da igiya.
Garinsu ba kwalta,
burji ne da damina ta ci ta bar ƙashi.
Ya ɗauko innarsa da ƙanwarta,
da buhun shinkafa a but,
dutse ya tsaga tukunyar mai,
salansa ta yi zamanta a hanya,
yara suka biyo shi da ita a ka.
Inna ta ƙarasa gida da ƙafa,
tana cewa jakin marigayi
bai taɓa yi mata haka ba.

Na nuna masa tsofaffin sifirin, suna rataye a ƙusa.
Na ce, awa biyu,
ta koma yadda aka haife ta.
Ya daɗe yana kallonsu.
Ya ce, "Liƙe tukunyar kawai."

Yanzu a bakin kwalta yake barin ta,
gaban rumfar wani mai shayi,
ya hau kabu-kabu ya ƙarasa gida.
Masu albasa na yi masa dariya.
Nakan taya su, da baki.

Sifirin na nan a ƙusa.
Ɗanjumma ya so ya sayar, na hana,
ban kuma san wa nake ajiye wa ba.
Wani dare, in gwiwa ta hana ni barci,
sai in tsinci hannuwana na murɗa wani abu a duhu,
ina shiga kwanar nan,
ƙasa-ƙasa,
ba abin da ya karkata.