Ɗari da Saba'in da Biyar

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga kaya
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso.
Daga ƙololuwar ƙugiya nakan karanta sunan jirgi
tun yana ɗigo a bakin teku.
Yau ga allo, kamu ɗaya daga hancina,
haruffa sun zama tururuwa a kan farin ƙyalle,
suna wucewa, ko gaisuwa babu.

Maite, jikata, ta hauro tudunmu tana haki,
matakala ɗari da goma sha biyu, kullum sai ta ƙirga.
Ta ajiye burodi, ta jawo kujera.
"Kaka, ba idonka kaɗai ke da laifi ba.
Danne wannan maɓallin, ka taɓa alamar tarawa."

Na danna. Tururuwa suka zama wake.
Na ƙara, wake ya zama zaitun.
Daɗi ya ɗebe ni, na yi ta dannawa,
ɗari biyu, ɗari uku,
sai jadawalin jirage ya karye a ƙugu:
sunan jirgi ya tsaya a hagu,
ranar isowarsa ta zame ta dama, ta faɗa ruwa.
Kwaɗayi mabuɗin wahala.
Muka ja da baya a hankali, kamar mai sauke kwantena,
muka dire a ɗari da saba'in da biyar.

Ta rage hasken da ke sukar idona
kamar rana a kan rufin kwano.
Ta mai da shafin baƙi, rubutun fari,
sai ga tashar da na sani da dare,
fitilu jere a kan baƙin ruwa.
Ta kori tallace-tallacen da ke faɗo min
kamar tsuntsayen teku a kan kwandon kifi.
Kibiyar linzami da ke ɓace min kullum
ta kumbura ta, ta shafa mata ruwan ɗorawa.

Sannan ta ce, "Burauzar nan ta yi nauyi.
Bari in share tarihi, za ka ga gudu."
Jerin ya buɗe, ta kai yatsa.
Na riƙe wuyan hannunta.

Don yanzu ina iya gani.

Kwamfutar ta Fresia ce, ni gadonta na yi,
kuma ga sawunta, layi bisa layi:
yadda ake miyar kifi ba gishiri,
maganin kumburin ƙafa,
kuɗin mota zuwa Temuco, wurin ƙanwarta,
tafiyar da ba a yi ba.
A can sama, kwana uku kafin asibiti,
ƙarfe biyu da kwata na dare,
lokacin ina ta minshari a gefenta:
yadda ake ƙara girman rubutu
don mai raunin ido.

Ita da ke zura zare a allura ba tabarau.
Ni kuwa shekara biyu ina riƙe jarida
ina gyaɗa kai, wai karatu nake,
ina tsammanin na ɓoye.

Maite ta janye hannu, ba ta ce komai ba.
Ta tashi ta ɗora ruwan shayi,
ta daɗe a wurin fiye da yadda ruwa ke bukata.

A bar shi ya yi nauyi.
Na ɗaga abin da ya fi haka, ban yi ƙorafi ba.
Shafi ya ɗauki minti guda kafin ya buɗe,
ina zan je?

Ranar Alhamis akwai jirgi daga Busan,
ƙarfe shida na safe, gada ta uku.
Ni na karanta, da kaina, da ƙarfi,
yadda za a ji har cikin kicin.