Littafin Kwandasta

Shekara talatin da ɗaya Ilango na yagar tikiti
a bas ɗin Perambur, cikin cunkoson Chennai.
Da ya ajiye jakar aiki sai ya hau rufin benenmu
da gwangwanin fenti shida da buhun ƙasa.
Ya ce, "Thenmozhi, baƙi zan yi."

Na ce, wane baƙo a hawa na huɗu,
inda ko hankaka sai ya huta kafin ya iso?

Ya dasa tumfafiya, wadda ake tugewa a gefen layin dogo.
Ya dasa lemun tsami.
Ya ajiye farantin yashi mai laima da ɗan gishiri,
da ayabar da ta fara ruɓa.
Maƙwabta suka ce fansho ya taɓa masa kai.

Wata biyu, ko ƙuda bai gode ba.

Ran nan ina shanya sai ga malam-buɗe-littafi,
ruwan goro, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari,
yana tafe sannu kamar mai gida ya zo karɓar haya.
Ilango ya ce, "Ba ya sauri don ba ya tsoro.
Ɗacin tumfafiya ya ci tun yana tsutsa,
tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi ya tuba."

Daga nan suka san hanya.
Baƙi mai zanen rawaya da jan tabo, na lemo ne,
ba ya zama, ko yana shan fure fiffikensa na rawa.
Ƙanana masu launin ƙwaiduwa suna bin ƙasa-ƙasa.
Shi kuwa yana rubuta su a bayan tsohon littafin tikiti:
rana, ƙarfe nawa, a kan wane ganye.

Amma bishiyar kori tawa ce, ta miya.
Na tarar da ganyenta duk huji,
da wasu abubuwa kwance kamar kashin tsuntsu.
Na ɗauki tsinke.
Ya riƙe mini wuyan hannu, abin da ya daɗe bai yi ba,
ya ce, "Mai son ganin fiffike, dole ya ciyar da tsutsa."
Muka raba gado da ranmu:
rassan gabas na tukunya, na yamma na baƙi.
Tsutsa dai ba ta san iyaka ba.

Da damina ta sauka, sauro ya yi yawa.
Jikar maƙwabciyarmu ta kwana tara a asibiti,
don haka ban zagi mai feshi ba.
Velu sunansa, yaro mai kunya.
Muka roƙe shi ya riƙa ƙwala kira daga ƙasa,
mu kife duk abin da ya tara ruwa,
mu lulluɓe shukokin da tsofaffin zannuwana
har hayaƙin ya wuce.

Wata Talata gwiwar Ilango ta ƙi hawa.
Velu ya kira. Ni kaɗai na hau, ina haki, ina mita,
zannuwa suka ƙare saura lemo,
na rufe shi da alharinin bikina.
Ruwa ya hana ni komawa sai bayan kwana biyu,
na tarar da ɗan ƙunshi kore rataye a gefen zanen,
zare ɗaya ya ɗaure masa ƙugu.

Kwana goma zanen na shan rana, ban taɓa ba.

Da sassafe ƙunshin ya tsage.
Ya fito jiƙe, a yamutse kamar takardar da aka manta a aljihu,
ya daɗe yana buɗewa yana rufewa,
sannan ya bi ta kan wayoyin lantarki ya nufi kasuwa.

Na sauko na ba da labari.
Ilango ya lashi bakin fensir ya rubuta:
"Fasinja ɗaya. Ya sauka lafiya. Bai biya ba."