Uwa ta Biyu, Mai Kuka

A takardar da suka miƙo mini babu sunana.
An rubuta: Uwa ta Biyu, mai kuka.
Ni kuwa Icilda ce, ta layin bayan kwata,
ina soya kifi a bakin filin ƙwallo
tun daraktan nan bai san hannun damansa ba.

Ya ce, Mama, in na ɗaga hannu ki rugo,
ki faɗa kan yaron, ki yaga riga, ki kira Yesu.
Yaron na kwance kan kwalta, an shafe shi da jan ruwa,
yana danne dariya don ƙuda ya sauka a hancinsa.
Sau bakwai na rugo, sau bakwai na zube.
Gwiwata ce ke riƙe da lissafin.

Fim na huɗu ke nan ina binne ɗan wata.
Vernice kuwa kullum budurwar ɗan bindiga,
jingine da ƙofa, kalma uku a bakinta.
Da mu biyu an gama matan Kingston kaf:
ɗaya ta yi jira, ɗaya ta yi makoki.

To bari ka ji yadda aka yi, ɗan nan.
Linval mai tsaron gida ne. Nawa.
Tafin hannunsa kamar faifai.
Shekarar zaɓe aka fasa unguwa biyu kamar kwakwa,
nan kore, can ruwan lemo,
ko katangar kwano ba ta shan fenti sai da izini.
Wasan ƙarshe ya faɗo a filin ƙetaren kwata.
Rigunansu koraye ne, ba don kowa ba,
yadin ne ya fi araha a kanti.
Ni na ɗinka su, goma sha ɗaya, da fitilar kananzir.
Ya tare fanareti biyu.
Ya tsaya shan ruwan rake a hanya.
Wanda ya harbe shi bai taɓa jin sunansa ba,
riga ya karanta.

Ban ruga ba. Ban yaga komai ba.
Sai da na sauke kaskon mai daga wuta,
na ari amalanken Lascelles, na je na ɗauko abina.
Na kwance masa takalmi, don na aro ne,
washegari na mayar wa mai shi.
Kukan sai bayan wata biyar ya iso,
ya tarar ina tsince shinkafa.

Ga abin da ba ka tambaya ba.
Asabar ta uku, mu mata tara, na nan da na can,
muka ja wa filin sabon layi da farar ƙasa,
muka tare ƙofa da ludaya a hannu:
mai ƙarfe a ƙugu ya koma ya ajiye.
Sun koma kuwa. Duk mun taɓa yi musu wanka.
Shekara goma sha biyu usur na rataye a wuyana.
Masu neman ƙuri'a daga baya suka zo,
suka yi musabaha a tsakiyar fili
daidai tsawon ɗaukar hoto.

Darakta ya dubi agogo.
Rana na gudu, Mama, kuma wannan ba ya sayuwa a waje.
A sake.

Na rugo karo na takwas.
Kuɗin yini kuɗin makarantar jikata ne,
kowa ya san ba a faɗa da kwanon tuwonsa.
Tana can bayan igiya, Petagay,
takalman tsere rataye a wuya, waya a hannu.
Ba ta ɗauki faɗuwata ba.
Ta jira har aka ce a yanke,
har na dafa kwalta na miƙe,
na kakkaɓe gwiwa,
na miƙa wa gawar hannu na tashe shi,
na ce ya je ya wanke fuska, kifi na hucewa.

Daga nan ta fara ɗauka.