Kan Ashana

Ni ne mai ƙanƙara na bakin tashar Jega,
wanda yara ke hange tun kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.
Shekara tara ina ɗaure ruwa da sukari a leda,
ban taɓa buɗe baki na yi talla ba.
Mai yi mini talla shi ne ja.

Miƙa wa yaro fara, zai wuce.
Miƙa masa ruwan ɗorawa, zai tsaya yana shawara.
Amma ja,
ko kuɗin fensir ne a tafinsa sai ya saki.
Ido ke fara sha, maƙogwaro biyo baya yake yi.

Garin kalar wurin Mairiga nake saye,
rumfa ta uku bayan masu manja.
Ƙulli ne a leda, ba suna, ba lamba,
a tire guda da shuni da galurar rina kaba.
Na taɓa tambayarsa wanne na ci, wanne na tufa,
ya dube ni kamar na tambayi ƙabilar gishiri,
ya ce, "Malam, ja ai ja na."

Na yarda, don yarda ta fi araha.

Sai ranar da Shafa, autata,
ta sha uku a ɓoye bayan kula.
Kwana biyu harshenta bai koma nata ba.
Aka goga gawayi, aka goga asuwaki,
ga ƙuraje sun feso mata a wuya, tana susa har cikin barci.
Ban ce shi ne ba. Likita ma bai ce ba.
Tumba ce kawai ta ce, tana ninke zane ba ta dube ni ba,
"'Ya'yan mutane fa, wa ke leƙa bakinsu?"

Ran Juma'a wata mota ta zo daga Birnin Kebbi.
Saratu Manga, haka aka rubuta a ƙirjin rigarta.
Na zaci tara, na fara lalubar aljihu.
Ta ce in bar aljihu, in kawo cokalin.
Na kawo. Ta juya shi, bakinsa ya rine har mariƙi.
"Nawa kake zubawa a bokiti?"
Na ce ɗaya, da tozo.
Ta yi shiru irin na wanda ke ƙirga yara.

Ta fito da ɗan gwangwani mai rubutu,
ta bi da farce: ga rajista, ga ranar lalacewa, ga awo.
Ta ce ko wannan da hukuma ta yarje
ba a ba shi filin sukuwa ba,
ta karya ashana ta nuna mini kanta:
daga nan ake farawa.
Ta ce akwai ja na ciki, akwai ja na zare,
a tire kamarsu ɗaya,
nan ido ba mudu ba ne, bai kuma san kima ba.
Ta ƙulle ƙullina a ambulan, za a kai gwaji.
Har yau ban ji sakamako ba.

An rufe rumfar Mairiga mako biyu.
Yanzu yana bayan injin niƙa, ya sauya tire.

Ni kuwa na koma soɓorodo.
Tumba ke dafawa da asuba, da citta da kanumfari,
jansa mai duhu, kamar tsohon goro.
Yara su ɗaga leda su duba a rana,
su ajiye, su tsallaka titi wurin Ɗan'asabe,
wanda tasa ke walƙiya kamar fitilar birki.

Jiya sha bakwai suka narke a kula.
Ina ƙirga su Shafa ta zo ta tsaya,
na ce, "Buɗe in gani."
Ta yi mini gwalo.
Harshe ne kawai, irin wanda aka haife ta da shi.
Na ba ta ta sha takwas.